Fashin baƙi a kan kalmar "carve": daga gizagon masassaƙi zuwa watandar ƙasashe

Duk mai karanta tarihin jihohin Najeriya da Turanci sai ya ci karo da jimla irin wannan: "Jigawa was carved out of Kano State in 1991." Ɗalibi ya jawo ƙamus ya duba "carve", ya tarar an rubuta masa sassaƙa. Daga nan kai ya ɗaure, domin jiha ba itace ba ce, ba kuma dutse ba. Gobe ya karanta cewa a Amurka maigida ne ke "carve" ɗin talotalo ranar biki, jibi ya ga an ce Turawa sun "carve up" nahiyar Afirka. Ƙamus bai yi ƙarya ba, ɓangare ɗaya kawai ya faɗa. Kalmar gida biyu gare ta, rumfar masassaƙi da teburin cin abinci, kuma duk wata ma'ana ta aro da ake ɗora mata daga ɗayan gidajen nan ta fito. In mutum ya gane daga wane gida jimla ta taso, fassararta ba za ta ba shi wuya ba.

Mu fara da rumfar masassaƙi, don can ne tushe.

"Carve" yanka ne, amma yankan da mai yin sa ya riga ya ga siffar abin a zuciyarsa kafin ya ɗaga hannu. Mai faskare yana sara, ba ruwansa da kamannin abin da zai faɗo, wannan ba "carve" ba ne. Masassaƙin da ya tasa gungumen kirya a gaba, ya yi ta cin sa da gizago har turmi ya bayyana, shi ne mai "carve". Haka wanda ya fitar da allo daga itacen aduwa, ko akushi, ko ƙotar fartanya, ko kujerar tsuguno ta mata. Sharaɗi na biyu, wanda mutane suka fi mantawa da shi, shi ne aikin na ragewa ne. Ana farawa da abu babba mai tauri, a yi ta cirewa har abin da ake nema ya rage. Ba a ƙara komai, kuma abin da gizago ya ɗauke ya tafi ke nan. Michelangelo, gwanin sassaƙa na Italiya, ya bambanta aikin da ake yi ta hanyar cirewa da wanda ake yi ta hanyar ɗorawa, ya ce na farkon ne sassaƙa ta haƙiƙa. Mutum-mutuminsa da ake kira David, wanda ya yi tsakanin 1501 da 1504 a birnin Florence, daga dunƙulen dutse guda ya fito, tsayinsa ya haura mita 5.

Wannan sharaɗi na ragewa yana da amfani ga masu fassara labarai. Kayan tarihin Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897 iri-iri ne. Na hauren giwa da na itace, su ne "carved". Na tagulla kuwa zubi ne: a siffanta abu da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu, a narkar da kakin ya tsiyaye, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Turanci yana kiran wannan "cast". Saboda haka wanda ya rubuta "sassaƙen tagulla na Benin" ya tauye wa maƙeran haƙƙinsu, don sana'arsu daban ce da ta masassaƙa. Mai ginin tukunya ma ba ta "carve", ɗorawa take yi. Amma gumakan dutsen nan na Esie a jihar Kwara, su wajen 800, waɗanda aka buɗe gidan tarihi dominsu a 1945, sassaƙa ce tsantsa.

A nan kalmar ta ɗan fi sassaƙarmu faɗi. Bature yana amfani da ita ko da ba a fitar da siffar gaba ɗaya ba, in dai an tona zane ko rubutu a jikin abu mai tauri. Yaron da ya sa tsinin wuƙa ya rubuta sunansa a jikin bishiya ko a bencin aji, "carve" ya yi. Raƙuman dawan nan na Dabous, arewa da Agadas a Nijar, waɗanda mutanen dā suka tona a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban cikinsu ya zarce mita 5, "rock carvings" ake ce musu. Na Birnin Kudu kuwa da launi aka shafa su a kan dutsen, don haka "rock paintings" ne. Mu duka zane muke cewa, sai dai mu ƙara bayani. Zanen ƙwarya da ake yi da wuƙa shi ma ya shiga ƙarƙashin kalmar, kamar yadda fafe kabewa ya shiga, abin da yaran Amurka ke yi a daren 31 ga Oktoba, su huda mata idanu da baki su sa kyandir a ciki.

Masu karatun Alƙur'ani sun san wannan aiki da sunansa na Larabci, "nahata". Inda aka ba da labarin Samudawa, mutanen Annabi Salihu, an ce suna sassaƙa gidaje daga duwatsu, kuma da wannan aikatau ɗin ne Annabi Ibrahim ya tambayi mutanensa ko za su bauta wa abin da suke sassaƙawa da hannunsu. Masu fassara zuwa Turanci "carve" ko "hew" suke sawa a waɗannan wurare. Irin wannan gini na ragewa, inda ba a ɗora tubali ko ɗaya ba, yana nan har yau a Petra ta Jodan da kuma majami'u 11 na Lalibela a Habasha.

Kayan aiki ba sharaɗi ba ne. Fuskokin shugabannin Amurka huɗu da ke jikin dutsen Rushmore, waɗanda aka yi tsakanin 1927 da 1941, mafi yawan dutsen da nakiya aka fasa shi, duk da haka "carved" ake cewa. Ba ma dole sai da hannun mutum ba. Littattafan labarin ƙasa suna cewa kogin Colorado ne ya "carve" kwazazzabon Grand Canyon, wanda zurfinsa ya wuce kilomita ɗaya da rabi a wasu wurare. Bahaushe a nan zai ce ruwa ya zaizaye ƙasa, ko ruwa ya ci wurin har ya yi wa kansa hanya.

Kalmar tana da maƙwabta, kuma sanin iyakar kowace yana taimakawa. "Whittle" shi ne feƙe ɗan itace da ƙaramar wuƙa, kamar yadda almajiri ke feƙe alƙalami. "Hew" sara ne mai ƙarfi da gatari, aikin farko kafin a zo ga gyara. "Engrave" zane ne siriri a jikin ƙarfe ko gilashi, irin na zobe da hatimi, "etch" kuma shi ne a bar sinadari mai ci ya yi zanen. "Sculpt" ta fi su duka faɗi, don ba ta damu da hanyar da aka bi ba, ragewa ko ɗorawa ko zubi, in dai an fitar da siffa.

Tarihinta yana da daɗin ji. A tsohon Turanci, wanda aka yi magana da shi a Ingila shekaru dubu da suka wuce, siffarta "ceorfan" ce, kuma a lokacin ita ce kalmar yanka ta yau da kullum, kowane irin yanka. Wajen ƙarni na 13 sai "cut" ta shigo ta ƙwace wannan babban fili, ta bar wa tsohuwar yankan gwaninta kaɗai. 'Yan uwanta suna nan: Jamusanci yana da "kerben", wato yin tsaga, kafintocin Ingila kuma har yau suna kiran tsagar da zarto ke bari a jikin katako "kerf". Masana asalin kalmomi da dama suna haɗa ta da kalmar Girkanci "graphein", wadda ma'anarta ta fari karta ce, daga baya ta zama rubutu. Abin ya yi ma'ana, tunda rubutun farko kartar dutse ne da yumɓu da itace.

Yanzu gida na biyu, wanda ƙamus ɗin Hausa ya fi yin shiru a kansa.

A al'adar cin abinci ta Ingila, ana kawo gasasshen nama gaba ɗayansa kan tebur, cinyar rago ko ƙaton tsokan sa ko kaza sukutum, musamman ranar Lahadi. Sai mutum ɗaya ya miƙe da doguwar wuƙa da cokali mai yatsu biyu, ya riƙa fitar da yanka siri-siri yana sa wa kowa a faranti. Wannan aikin shi ne "carve", wuƙar kuma "carving knife". A Amurka an fi ganin sa ranar bikin godiya, Alhamis ta huɗu ta Nuwamba, inda talotalo ne abincin ranar. A gidajen sarakunan Turai na dā muƙami ne sukutum, ana koya wa 'ya'yan manya shi kamar yadda ake koya musu hawan doki. A 1508 an buga wani ɗan littafi a Landan a kan wannan fanni, inda kowace dabba da kowane tsuntsu ke da kalmar da ake faɗa wajen yanka shi. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mai balangu ya ga yadda yake bin tsoka da wuƙa yana fitar da yanka daidai kuɗin mai saye ya ga aikin da ake nufi.

Akwai tarko a nan ga mai fassara. In ka ce "maigida ya yanka talotalo", Bahaushe zai ji cewa ya sa masa wuƙa a wuya ne, alhali tsuntsun ya daɗe da gasuwa. Yankan dabba "slaughter" ne, fiɗa da daddatsa ɗanyen nama kuma aikin mahauci ne. "Carve" sai nama ya nuna, sai an zo rabo. Abin da ya dace a ce shi ne ya yayyanka gasasshen naman ya raba wa mutane.

Riƙe kalmar rabo, domin daga ita "carve up" ta fito. A 1805 mai zanen barkwanci na Ingila James Gillray ya zana firaministan ƙasarsa William Pitt da Napoleon na Faransa zaune a tebur, duniya a faranti a gabansu, Pitt da wuƙa yana yankar teku, Napoleon da takobi yana yankar Turai. Hoton da ke cikin kalmar ke nan: masu ƙarfi a zaune, abin da ake rabawa ba shi da baki. Shi ya sa marubuta tarihi ke amfani da ita ga Poland, wadda Rasha da Prussia da Austria suka rarraba tsakanin 1772 da 1795 har ta ɓace daga taswira, da kuma yarjejeniyar Sykes da Picot ta 1916, inda Ingila da Faransa suka tsara rabon ƙasashen Larabawa da ke ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkiyya.

Misalin da ya fi shafar mu shi ne taron Berlin, wanda Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus, ya kira daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885, ƙasashe 14 suka halarta, babu wakilin wata masarautar Afirka ko ɗaya. Sau da yawa ana faɗa kamar a wannan zauren aka ja duk iyakokinmu. Abin da aka yi a can shi ne shimfiɗa ƙa'idojin rabon, yankan kansa daga baya ya zo, yarjejeniya bayan yarjejeniya. Iyakar da ta raba ƙasar Hausa gida biyu ta fara ne da layin da Ingila da Faransa suka ja a 1890 daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a gaɓar tafkin Chadi, aka sake gyara ta a 1898 da 1904 da 1906. Da aka gama, Katsina tana hannun Ingilishi, Maraɗi tana hannun Faransa. Sabon Birni nan, Tsibiri can, alhali duk Gobirawa ne. Daura da Damagaram kowace da tutarta.

To wace kalma ce tamu ta ɗauki wannan? A ganina babu kamar watanda. Mutane su haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka, a kasa naman kashi-kashi, kowa ya ɗauki nasa. A asalinta watanda halal ce, masu rabon su suka sayi san. Amma bakin mutane ya riga ya ba ta ma'ana ta biyu: in aka ce wasu sun yi watanda da dukiyar jama'a, kowa ya san ba tasu ba ce. Wannan zargin shi ne ainihin abin da ke cikin "carve up". "An yi watanda da Afirka" ya fi "an raba Afirka" kusa da abin da Baturen ya rubuta, don raba ba ta ɗora wa kowa laifi. Ɗan jarida ya kamata ya san haka ta ɗaya fuskar ma: in ya rubuta "carve up" a labari, ya riga ya yanke hukunci. In yana son tsayawa tsakiya, "divide" ko "partition" zai ɗauka. A Turancin titi na Ingila, "a carve-up" na nufin rabon da aka ƙulla a ɓoye, na kwangila ko na muƙamai, kuma direban da ya sha gabanka da ganganci har ka taka birki, an ce ya "carve you up".

"Carve out" kuwa daga rumfar masassaƙi take, shi ya sa yawanci yabo take ɗauke da shi. Hoton shi ne mutum ya tarar da abu mai tauri da ba shi da gurbi a ciki, ya yi ta aiki har ya fitar wa kansa wuri. Jimlar da ta fi yawo a tarihin rayuwar mutane da jawaban karramawa a Najeriya ita ce "he carved a niche for himself". "Niche" a asali alkuki ne, ɗan ramin nan na jikin bango da ake ajiye fitila. Ma'anar ita ce mutum ya samar wa kansa gurbi a sana'arsa, ya kafa kansa da guminsa, ya yi fice a wani fanni da ba kowa a ciki. An yi ta maimaita jimlar har ta gaji, kuma ina ba ɗalibi shawara ya rage dogaro da ita, amma daidai take. "Carve out time" shi ne ware lokaci daga cikin hidima mai yawa, da nuna cewa sai da aka matsa kafin a samu. A harshen lauyoyi da 'yan kasuwa, "a carve-out" togiya ce a cikin doka ko yarjejeniya, wato an ce kowa ya bi ban da wane, ko kuma wani reshe da kamfani ya ɓalle ya sayar.

Da wannan ma'ana ce ake faɗin kafa jihohi. An cire Katsina daga Kaduna a 1987, Jigawa daga Kano da Kebbi daga Sakkwato da Yobe daga Borno a 1991, dukansu a mulkin Janar Babangida, sannan Zamfara daga Sakkwato da Gombe daga Bauchi a 1996 a mulkin Janar Abacha. Hausa tana cewa an ciro, an yanko, ko an ƙirƙiro jiha kaza daga jiha kaza. Abin lura shi ne aiki guda yana iya ɗaukar kowace daga cikin kalmomin biyu, gwargwadon inda mai magana ya tsaya. Lokacin da gwamnatin Kano ta kafa masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye a 2019, mai goyon baya zai rubuta cewa an "carve out" sababbin masarautu huɗu, idonsa na kan abin da aka samar. Mai adawa zai rubuta cewa an "carve up" masarautar Kano, idonsa na kan abin da aka daddatsa. Ɗan ƙaramin harafin da ke bin kalmar, "out" ko "up", shi ke tona ra'ayin marubucin, kuma mai karatu da ya san haka ba a shigar masa da ra'ayi ta bayan gida.

Sai maganar "carved in stone", wadda aka fi faɗa da korewa. In shugaban taro ya ce jadawalin nan "is not carved in stone", yana nufin ana iya sauya shi, abin da mu za mu ce ai ba aya ba ce ba hadisi ba. Kada a haɗa ta da zancen malamanmu cewa karatun yaro kamar zane ne a kan dutse. Dutsen ɗaya ne, amma namu yana magana a kan abin da ba ya gogewa daga ƙwaƙwalwa, nasu a kan hukuncin da ba a canzawa.

Ta fuskar nahawu ba ta da rikici: "carve", "carved", "carving", mai aikin kuma "carver". Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne ƙananan kalmomin da ke bin ta. In abin da aka samar ne ya zo farko, "out of" ko "from" ke biyo baya: "he carved a mortar out of the log". In itacen ne ya zo farko, sai "into": "he carved the log into a mortar". Rubutu a jikin abu kuma "on" ko "into" yake ɗauka.

Furuci ya fi nahawu wahala a bakinmu. Hausa ba ta da sautin "v", don haka kalmar takan fito kamar "kaf" ko "kab", ta yi karo da "calf", ɗan maraƙi. Mutumin Ingila ba ya furta "r" ɗin ciki, yana jan wasalin ne kawai, har ta zama sauti ɗaya da "calve", haihuwar saniya. Ba'amurke kuwa yana furta shi. Rikicin da ya fi yawa a takardun jarrabawa shi ne tsakaninta da "curve", lanƙwasa ko kwana, saboda da yawanmu da wasali ɗaya muke faɗin su. Sai ka ga an rubuta "curved out of Kano State", ko "wood curving". Akwai kuma "crave", tsananin marmari, wadda haruffanta ɗaya ne da "carve", wuri kawai biyu suka sauya.

Turancin Najeriya ya ƙara mata wata ma'ana tasa. A shagon aski, in an gama rage suma, mai aski yakan ɗauki reza ko bakin injin ya fitar da layin goshi da na saje da na gemu, abin da muke kira gyaran fuska. "Carving" ake ce wa wannan a shagunan Legas da Abuja da Kano, mata ma suna faɗin haka ga gyaran gira. Mai aski a Landan ko New York zai fi gane "line-up" ko "shape-up", don haka matafiyi ya san da wannan. Amma ba na ganin amfanin namu kuskure ne da za a gyara wa yara a aji. Yanka ne da siffa a zuciyar mai yin sa, ragewa ne ba ƙari ba, kuma in reza ta zarce sai dai a jira gashi ya sake tsirowa.